Amsoshin Tambayoyinku: In Sayar da Filina Ɗana Ya Koyi Tuƙin Jirgin Sama?

TAMBAYA: Ni tsohon malamin makaranta ne a Gusau, shekarata uku da yin ritaya. Ɗana na biyu ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, yanzu ya ƙwallafa rai a kan tuƙin jirgin sama. Kullum sai ya nuna mini bidiyo a waya, wai a Amurka ƙananan kamfanonin jiragen da ke jigila tsakanin garuruwa suna neman matuƙa ruwa a jallo, har kuɗin marhabin suke ba sabon ɗauka. Ina da fili guda a bakin titi, shi ne kaɗai abin da na mallaka bayan gidan da muke ciki, kuma yaron yana so in sayar in biya masa makaranta. Don Allah a warware mini: waɗanne irin kamfanoni ne waɗannan, yaya aikin yake, kuma akwai ci gaba a cikinsa ko kuwa rufa-ido ne?

AMSA: Yaronka bai yi maka ƙarya ba, sai dai labarin da ya kawo maka rabi ne, kuma rabin da ya rage shi ne ya shafi filinka. Bari mu bi abin daki-daki.

Ka san yadda tasha take. Babbar motar da za ta Legas ba ta shiga Tsafe da Ƙaura Namoda da Talatar Mafara tana tsintar fasinja ɗai-ɗai. Ƙananan motoci ne ke kwaso mutane su zube su a Gusau, babbar ta ɗauka ta wuce. Haka sufurin sama ya koma a Amurka bayan 1978, shekarar da gwamnati ta cire hannunta daga tsayar da kuɗin tikiti da raba hanyoyi. Manyan kamfanoni suka kafa matattara a birane irin su Atlanta da Dalas da Shikago, suka bar wa ƙananan jirage aikin kwaso fasinja daga garuruwan da ba za su cika babban jirgi ba. Waɗannan su ne kamfanonin jiragen yanki. Jiragensu na ɗaukar mutum 50 zuwa 76, galibi ƙirar Embraer ta Brazil ko CRJ ta Kanada, kuma wajen kashi ɗaya bisa uku na tashin jiragen fasinja a ƙasar nasu ne.

Abin da fasinja bai cika sani ba shi ne 'yan kwangila ne. Za ka sayi tikitin Delta ko United ko American, ka hau jirgi mai fentinsu an rubuta Delta Connection ko United Express ko American Eagle, alhali matuƙin da ke gaba ma'aikacin SkyWest ne ko Republic ko Envoy ko Endeavor. Babban kamfani shi ke sayar da tikiti, shi ke zaɓar hanya da lokaci. Ɗan kwangila nasa ya kawo ma'aikata ya tuƙa jirgi, a biya shi gwargwadon sa'o'in da ya yi a sama. Idan kwangila ta ƙare, wanda ya fi rangwame shi ake ba wa. To ɗan kwangila ta ina zai rage kuɗi, tun da ba shi da iko a kan farashin tikiti? Ta albashi. Nan ne asalin duk wahalar da matuƙan waɗannan kamfanoni suka daɗe suna sha.

Kafin shekarar 2010, da wasu shekaru bayanta, mataimakin matuƙi a kamfanin yanki kan fara da abin da bai wuce dala 20,000 da ɗoriya ba a shekara. A kunnenmu kuɗi ne mai kauri, amma a can mai soya nama a gidan abinci yana iya samun kusan haka, ga kuma bashin makaranta a wuyan matuƙin. Duniya ba ta farga ba sai daren 12 ga Fabrairun 2009, lokacin da wani jirgin kamfanin Colgan Air mai farfela biyu, wanda ya taso daga Niwak da sunan Continental Connection, ya faɗa kan wani gida dab da birnin Bafalo. Mutum 50 suka rasu, har da mai gidan. Masu bincike suka gano cewa gudun jirgin ya ragu sosai yayin shirin sauka, na'ura ta girgiza sandar tuƙi don gargaɗi, kyaftin ya ja sandar baya maimakon ya tura ta gaba. Amma abin da ya fi tayar da hankalin jama'a shi ne rayuwar mutanen biyu da ke ɗakin tuƙi. Mataimakiyarsa, mai shekara 24, albashinta wajen dala 16,000 ne a shekara. Tana zaune wajen iyayenta kusa da Siyatil, a ɗaya gefen ƙasar, nisan da ya fi na Kano zuwa Jidda, kuma kwana ta yi tana bin jiragen kaya kafin ta iso wurin aiki. Shi kuwa kyaftin ɗin daga Fulorida yake zuwa, a ɗakin hutun ma'aikata ya kwana.

Iyalan mamatan suka yi ta sintiri a majalisar dokoki har aka yi sabuwar doka a 2010. Daga 2013, ba wanda zai zauna ko da a kujerar mataimaki a jirgin fasinja a Amurka sai yana da babban lasisin da ke buƙatar sa'a 1,500 ta tuƙi, alhali a da sa'a 250 ta wadatar. An yi sassauci ga tsohon matuƙin soja, shi 750 ne, da wanda ya yi digirin tuƙi a jami'ar da hukuma ta amince da ita, shi kuma 1,000. Har yau ana gardama a kan wannan adadi, don matuƙan Colgan su biyun sun haura sa'a 1,500 tun kafin hatsarin. Daga farkon 2014 kuma aka tsaurara dokar hutu: sa'a 10 tsakanin aiki da aiki, takwas daga ciki na barci, kuma ba a wuce sa'a 1,000 ta tuƙi a shekara.

Dokar sa'a 1,500 ɗin nan ta rage masu shigowa. Sai annobar korona ta zo a 2020, manyan kamfanoni suka lallaɓa dubban tsofaffin matuƙa suka yi ritaya tun lokaci bai yi ba. Da tafiye-tafiye suka dawo da ƙarfi, sai suka rasa masu tuƙi, suka juya kan kamfanonin yanki suna kwasar kyaftin-kyaftin ɗinsu. A 2022 da 2023, manyan kamfanonin sun ɗauki matuƙa sama da 12,000 kowace shekara. Ɗaruruwan ƙananan jirage suka zauna a ƙasa ba mai tayar da su. A watan Yunin 2022, kamfanonin Envoy da Piedmont suka ɗaga kuɗin sabon mataimaki daga dala 51 zuwa dala 90 a sa'a, sauran suka bi sahu, aka ƙara da kuɗin marhabin na dubban daloli. Bidiyon da yaronka ke nuna maka, Malam, yawancinsu 'ya'yan wannan lokaci ne.

Amma kasuwa ba ta zama wuri ɗaya. A 2024 ɗaukar da manyan kamfanonin suka yi ba ta kai rabin ta shekarar da ta gabace ta ba, musamman saboda Boeing da Airbus sun yi jinkirin miƙa sababbin jirage. Da na sama suka daina motsi, na ƙasa ma suka tsaya cak. Matasa masu sa'a 1,500 cif suka koma jiran watanni kafin a kira su horo. Albashin bai koma gidan jiya ba, amma ƙofar ta tsuke. Haka sana'ar nan take tun asali, shekarun yalwa da shekarun fari. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 an tura dubban matuƙa gida. A 2007 aka ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, sai layi ya daskare har shekara biyar, ga kuma karayar tattalin arziki ta 2008. Waɗanda suka shigo a tsakanin nan, wasu sun yi shekara bakwai ko takwas a kujerar mataimaki. Kamfanoni ma mutuwa suke yi: Comair ya rufe a 2012, Compass da Trans States a 2020, ExpressJet a 2022. A Ingila, Flybe ya durƙushe a 2020, ya tashi, ya sake faɗuwa a 2023. Wanda ya shiga makaranta yau don ya ji kasuwa na ci, sai bayan shekara uku ko huɗu zai fito, kuma kasuwar da zai tarar ba lallai ta zama wadda ya gani a waya ba.

Yanzu ga yadda aikin yake a kullum. Da farko, kada "dala 90 a sa'a" ta ruɗe ka. Agogon biya yana fara bugawa ne sa'ad da aka rufe ƙofa jirgi ya motsa, ya tsaya sa'ad da aka ajiye shi a masauki. Zuwa da wuri, duba yanayin sama, zagaya jirgi da tocila da asuba, jiran fasinja, zaman sa'a uku a filin jirgi tsakanin tafiya da tafiya, yawanci duk ba sa cikin lissafi. Abin da kamfani ke lamunce wa matuƙi wajen sa'a 75 ne a wata, alhali lokacin da yake yi ba ya gida ya ninka haka sau uku ko fiye. Tafiya ɗaya takan ɗauki kwana uku ko huɗu, kowace rana tashi da sauka uku zuwa biyar, kowane dare a otal ɗin wani gari. Yinin aiki na iya kaiwa sa'a 12, wani lokaci har 14.

Na biyu, komai na bin ranar da aka ɗauke ka. Ranar da ka shiga kamfani za a ba ka lamba a ƙarshen layi, kuma wannan lamba ita ce ke yanke garin da za a ajiye ka, ranakun hutunka, irin jirgin da za ka tuƙa, da ranar da za ka koma kujerar hagu ka zama kyaftin. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ko ka fi na gabanka iya sauka, ba za ka tsallake shi ba. Alherin tsarin shi ne ba a buƙatar uban gida ko kai gaisuwa. Sharrinsa shi ne lambar ba ta bin mutum: kyaftin mai shekara goma sha biyar, idan kamfaninsa ya rufe ya koma wani, ƙarshen layi zai koma, a kujerar mataimaki, da albashin sabon shiga. Idan kuma aka zo rage ma'aikata, daga ƙasa ake farawa.

Sabon shiga ba ya ma da jadawalin kansa. Zaman jiran kira yake yi, kamar ɗan ƙwallon da ke benci: waya na hannu, kaya a ɗaure, in an kira shi sa'a biyu ke gare shi ya isa filin jirgi. Da yake manyan biranen da ake ajiye su akwai tsadar haya, da yawa sukan bar iyali a garinsu, su haɗa kuɗi su kama gida ɗaya su goma ko fiye, a jera gadaje masu hawa biyu. Ranar aiki sai mutum ya nemi kujerar da ta rage a wani jirgi ya zo, in babu ya jira na gaba, kuma makara laifinsa ce. Ka ƙaddara cewa a shekarun farko sallah ƙarama da babba za su riske shi a hanya, sunan ɗansa ma sai in ya roƙi wani sun yi musanyar rana.

Na uku, jarrabawa ba ta ƙarewa. Lokaci-lokaci, a ƙasashe da yawa duk wata shida, za a saka shi a na'urar kwaikwayon tuƙi a kashe masa inji ɗaya, a tayar masa da gobara, a ga yadda zai yi. Duk shekara likita zai duba zuciya da ido da kunne da jini, in shekaru suka ja a mayar da shi duk wata shida. Ranar da likita ya ƙi sa hannu, aiki ya tsaya, ko da ana tsakiyar biyan bashi.

Kada in sa ka ɗauka duk ɗaci ne. Matuƙa da yawa za su gaya maka a jiragen yanki suka zama matuƙa na gaske. Mai tuƙa babban jirgi zuwa wata nahiya yana iya yin wata guda bai sauke jirgi da hannunsa sau uku ba. Na yanki yana yin haka kafin la'asar, a gajerun titunan jirgi, cikin iska da ruwa da ƙanƙara. Tsanin ma a bayyane yake. A Amurka, bayan sa'a 1,000 a kujerar mataimaki doka ta yarda ya zama kyaftin, kuma kyaftin ɗin yanki a yau yana samun abin da ya haura dala 100,000 a shekara nesa ba kusa ba. Daga nan sai babban kamfani, inda tsohon kyaftin na manyan jirage ke ninka wannan sau uku ko fiye. Envoy da PSA da Piedmont, da yake mallakar American ne, suna da yarjejeniyar wucewa kai tsaye zuwa uwar kamfani idan layi ya zo kan mutum. Wasu kuma da gangan suke zama a kamfanin yanki har ritaya, don sun kai saman layi, suna zaɓar ranakunsu, suna kwana gida. Kamfanin Boeing na hasashen duniya za ta buƙaci sababbin matuƙa sama da 600,000 cikin shekara ashirin masu zuwa. Buƙata tana nan, sai dai mai ƙwarewa ake nema, ba mai sabon lasisi ba.

To ga inda gizo ke saƙar, Malam. Duk wannan albashi na Amurka na wanda ke da izinin aiki a Amurka ne, ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin. Bizar karatu tana ba yaro damar koyo, ba ta ba shi kujera a SkyWest. 'Yan Ostareliya ne suka samu shiga da ɗan yawa, saboda akwai wata biza ta musamman da aka ware wa ƙasarsu. Ɗan Najeriyar da ya kashe dala 100,000 ko fiye a makarantar tuƙi a can, abin da ya fi yiwuwa shi ne ya dawo gida da lasisi da sa'a ɗari biyu da 'yan kai, ya je hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a mayar masa da lasisin na gida, ya shiga neman aiki a nan. Saboda haka kasuwar da ya kamata ku auna ita ce tamu.

A nan gida ba mu da tsarin 'yan kwangila irin na Amurka, amma irin jiragen da irin aikin duk akwai su. Ibom Air, mallakar jihar Akwa Ibom, da CRJ900 ya fara a 2019. Overland na amfani da ATR mai farfela da Embraer. Rano Air da United Nigeria da Embraer 145 mai kujera 50 suka fara, irin wanda Africa World Airlines ke kai mutane Kumasi da Tamale da shi daga Akara. Dokarmu ba ta ce sai da sa'a 1,500 za a zama mataimaki ba. Kamar a Turai, mai lasisin tuƙin haya, wanda ake kira CPL, da shaidar tuƙi da na'urori da ta jirgi mai inji biyu, yana iya hawa kujerar dama da sa'a 200 ko kusa da haka. Kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana ba da wannan horo, haka ma ta Ilori, wasu kuma sukan tafi Afirka ta Kudu ko Habasha.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Lasisin CPL a kan ƙananan jirage masu kujera biyu ko huɗu ake samunsa. Kafin yaro ya taɓa Embraer ko ATR ko Boeing 737, sai ya yi wani horo daban na wannan samfurin jirgi shi kaɗai, a buga masa shaida a lasisinsa. Horon makonni ne kawai, amma da dala ake biya, dubbai masu yawa, galibi a ƙasar waje, kuma shaidar wani samfuri ba ta aiki a wani. In ya yi bai samu aiki da wuri ba, shaidar ta tsufa, sai an sake biya a sabunta. Kamfani kuma yakan ce yana son mai sa'a 500 a kan samfurin, shi kuwa yaro ba inda zai samu sa'o'in sai kamfani ya ɗauke shi. A Amurka matashi na cike wannan giɓi da koyar da wasu tuƙi shekara ɗaya ko biyu, don makarantu da ƙananan jirage sun yi yawa. Mu nan wannan kasuwa 'yar ƙarama ce. Ka tuna matasa 100 da gwamnatin Kano ta tura Jodan koyon tuƙi a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso. Sun yi karatu, sun dawo da lasisi, amma da yawansu sun daɗe suna zaune, kuma wannan giɓin ne ya riƙe su, ba rashin ƙoƙari ba.

Wanda ya samu shiga, aikinsa na da nasa kalar wahala. Hazon hunturu kan rufe Kano da Sakkwato da Maiduguri a wuni ana jira. Wasu filayen jiragen ba a sauka cikinsu bayan faɗuwar rana, don haka jinkirin safe kan zama soke tafiyar yamma, fasinja su huce a kan ma'aikata. Kamfani na karɓar naira, amma kayan gyara da inshora da hayar jirgi da horo duk da dala yake biya, shi ya sa faɗuwar naira ko tashin man jirgi, irin wanda aka gani a 2022, kan taɓa albashi kai tsaye. Kamfanoninmu kuma ba su cika tsawon rai ba. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, Air Nigeria a 2012, Arik kuma hukumar AMCON ta karɓe shi a 2017. Wani lokaci kamfani kan yi hayar jirgi tare da matuƙansa daga waje, ka ga jirgi ya ƙaru amma gurbi bai ƙaru ba. Duk da haka, wanda ya daure ya tara sa'o'i dubu uku ko huɗu ya zama kyaftin, shi ake bi. Kamfanonin gida na zawarcinsa, na ƙasashen Larabawa da sauran Afirka ma haka, ga aikin jigilar alhazai da jiragen manyan mutane. A wannan sana'a sa'o'in da ke cikin littafin matuƙi su ne jarinsa, kuma ɗari biyar ɗin farko sun fi dubu biyar na baya wuyar samu.

Shawarata, kafin a kira dillali, a yi abu biyar bi da bi.

Na ɗaya, a kai shi wurin likitan da NCAA ta amince da shi a yi masa gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya. Kuɗinsa kaɗan ne in an kwatanta da na makaranta. Tabarau ba ya hana tuƙi, amma rashin bambance launi, farfaɗiya, wasu cututtukan zuciya da na jini suna iya rufe maganar tun daga nan. Abin takaici ne a gano haka bayan fili ya tafi.

Na biyu, ya hau ƙaramin jirgi tare da malami ko da sa'a ɗaya ce, da tsakar rana lokacin da iska ke jijjiga shi. Son kaki daban, son tuƙi daban.

Na uku, a yi lissafi har ƙarshe, a rubuce: makaranta, masauki da abinci, jarrabawa, sauya lasisi in a waje aka yi, horon samfurin jirgi, da abin da zai ci na shekara ɗaya ko biyu yana jiran aiki. A ƙara wani abu a kai saboda canjin dala da jinkiri, don horon da aka ce wata goma sha takwas yakan kai shekara uku idan jiragen makaranta suka lalace ko mai ya yanke. Kada kuma a zube wa kowace makaranta kuɗin duka a tashi ɗaya. A biya mataki-mataki, don makarantun tuƙi ma suna rufewa da kuɗin ɗalibai a ciki.

Na huɗu, a nemi mai ɗaukar nauyi kafin a taɓa kadara: gwamnatin jiha, ko kamfanin da ke biya wa matashi horon samfuri bisa sharaɗin ya yi masa aiki wasu shekaru ko a riƙa cira daga albashinsa. Irin wannan yarjejeniya ɗauri ce, a kai wa lauya ya karanta, amma ta fi lasisin da ke kwance a akwati, don tana zuwa da kujera.

Na biyar, kada ya raina sauran ƙofofin. Zariya na horar da injiniyoyin jirgi, da masu ba jirage hanya daga hasumiya, da masu tsara tafiyar jirgi daga ƙasa. Kuɗinsu bai kai na tuƙi ba, kuma akwai waɗanda suka shiga ta nan, suka san mutane, suka tara kuɗi, daga baya suka hau kujerar da suke so. Digirinsa ma ya riƙe shi da kyau, shi ne abin komawa ranar da likita ko kasuwa suka juya baya.

Game da filin kuwa, tun da ka tambaye ni kai tsaye, zan amsa maka kai tsaye. Idan kuɗinsa zai kai yaron har ƙarshen lissafin nan, ya kuma bar maka abin da za ka riƙe gida da sauran ƙannensa ba tare da ka jingina da albashin da bai zo ba, to sana'a ce mai mutunci da ci gaba, kuma a shekarunsa yana da kusan shekara arba'in na aiki a gabansa. Idan kuwa iyakar filin ya biya CPL ne kawai, to rabin gada za ka gina masa, kuma rabin gada ba ta ƙetar da kowa. Gara filin ya zauna tukuna, shi yaron ya kama aiki yana neman tallafi, tun da ƙofar makarantar tuƙi ba ta rufe wa ɗan shekara talatin ba.

Daga Gusau zuwa Zariya ba nisa. Ku shirya ku tafi tare, kai da shi. Bayan kun gama da ofishin shiga makaranta, ka sa ya nemo maka mutum uku da suka karɓi lasisi shekara uku da suka wuce, ka tambayi kowannensu inda yake aiki yanzu, da nawa ya ƙara kashewa bayan ranar yaye su, da wanda ya biya. Ka bar yaron ya zauna yana ji, kada ka ce masa komai sai kun hau mota. Allah ya zaɓa muku mafi alheri.